Morgan da Boas: inda suka raba hanya

Malam, ka tambaya me ya bambanta Lewis Henry Morgan da Franz Boas, tunda dukansu ana lissafa su cikin magabatan ilimin nazarin al'adu a Amurka.

Morgan lauya ne a jihar New York. Ya shaƙu da Iroquois, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, ya rubuta yadda suke kiran dangi dalla-dalla, kuma wannan aikin nasa har yau ba a raina shi. Matsalar tana cikin littafinsa na 1877, inda ya jera 'yan Adam a kan tsani mai hawa uku: zaman daji, rabin wayewa, sannan wayewa. Ba sai na gaya maka wa ya ɗora a ƙololuwa ba. Ya ga 'yan Iroquois suna bin dangin uwa, iyaye mata ne ma ke zaɓen shugabanni, amma sai ya ɗauki hakan wani tsohon mataki da masu wayewa suka baro a baya.

Boas Bajamushe ne. A 1883 ya je tsibirin Baffin a arewacin Kanada ya yi hunturu cikin mutanen Inuit, 'yan asalin wurin, abinci da hanya duk a hannunsu. Daga baya ya watsar da tsanin, ya ce kowace al'umma da tarihinta. Kuma da ma'aunin masu wariyar launin fata ya yaƙe su. Lokacin ana cewa siffar kai ba ta canzawa, ita ce tambarin jinsi. Sai ya sa aka auna kawunan baƙin da suka ƙauro daga Turai da 'ya'yansu fiye da 17,000 a New York, ya tarar yaran da aka haifa a Amurka sun ɗan bambanta da 'yan uwansu haihuwar Turai. Bambancin kaɗan ne, har yau ana gardama a kan girmansa. Ɗalibarsa Zora Neale Hurston ma ta riƙa tare masu wucewa a titin Harlem, wata unguwa a New York, da ƙarfen awon kai a hannu.

Batun mata kuwa ɗaliban Boas ne suka ɗauka. Margaret Mead ta rubuta a 1935 cewa a wajen Tchambuli na New Guinea mata ke kamun kifi da ciniki, maza na can suna ado. Waɗanda suka koma wurin daga baya sun ce ta ƙara gishiri, ni ma na fi karkata can. Sai dai ita ba ta ce matan nan suna hawa na ƙasa ba.