Zaɓen buɗaɗɗiyar motar alfarma ta shekarun 1950: abin da zan saya da abin da nake tsoro

Duk wanda ya yi niyyar ajiye tsohuwar motar alfarma mai rufin da ake naɗewa, daga cikin waɗanda aka ƙera tsakanin 1950 zuwa 1963, zai tarar sunaye huɗu ko biyar ne suke ta dawowa a gidajen gwanjo na Turai da Amurka. Akwai Mercedes-Benz 300 SL Roadster da ƙanwarta 190 SL, akwai BMW 507, akwai Cadillac Eldorado ta 1953, sannan akwai Jaguar XK150. Ba zan ɓoye ba tun daga farko, zuciyata tana wajen 300 SL Roadster, amma na fi damuwa da a san cewa a wannan kasuwa takardar mota da lambobin da ke jikinta sun fi fentinta daraja.

An fara nuna 300 SL Roadster a baje kolin motoci na Geneva a 1957, aka ci gaba da ƙera ta har 1963, kuma guda 1,858 kawai aka yi. Ta gaji 300 SL ta farko, rufaffiya, mai ƙofofin da ke ɗagawa sama kamar fukafukai, wadda aka yi guda 1,400 daga 1954 zuwa 1957. Ƙashin bayanta siraran bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa da walda kamar saƙa, kuma a Roadster an sauke gefen wannan saƙa ƙasa domin a sami ƙofa irin ta kowace mota, wadda dattijo mai babbar riga zai shiga ba tare da ya yi dabara ba. An kuma gyara tsarin ƙafafun baya, wanda a ta farkon yakan sa gindin mota ya zame a kwana idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur ba shiri. Injinta mai silinda shida ne, lita 3, ƙarfin doki 215, an kwantar da shi a kishingiɗe domin bonet ya yi ƙasa, kuma maimakon kafireto yana da famfon Bosch mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, abin da ba a saba gani a motar titi ba a wancan zamani. Na taɓa tsayawa kusa da wata lokacin da mai ita ya tayar da ita da safe. Ta ɗan yi tari sau biyu, sannan ƙarar ta daidaita, kuma bai taɓa giya ba sai da allurar zafin baƙin mai ta motsa.

Wannan famfo shi ne darajarta, shi ne kuma lalurarta. Yakan ci gaba da tura ɗan fetur a lokacin da ake kashe injin, fetur ɗin ya gangara ya tsinka baƙin mai, saboda haka masu ita suke yin juye akai-akai, kusan kowane kilomita 1,600. Bakaniken da bai san ta ba bai kamata ya kusanci famfon ba. Daga 1961 aka sa mata birki mai faifai a ƙafa huɗu, daga 1962 kuma aka mayar da gangar injin ta alminiyam, kuma waɗannan na ƙarshe su ne mafi tsada. Ni dai ta 1961 mai birkin faifai da gangar ƙarfe nake ganin ta fi dacewa da wanda zai hau motarsa. Duk 300 SL an ƙera su ne da sitiyari a hagu, wanda ya dace da titunan Nijar, da na Nijeriya tun da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Mai kyau daga cikinsu ta wuce dala miliyan 1.

Sauran ba za su ɗauke ni lokaci ba. BMW 507 ta fi kowa kyan fasali, amma kimanin 250 aka yi, kuma ranar da wani abu ya karye a jikinta na alminiyam da aka buga da hannu, sai dai a ƙera sabo. Cadillac Eldorado ta 1953, wadda aka yi guda 532 kuma Shugaba Eisenhower ya hau irinta ranar rantsar da shi, motar fareti ce mai nauyi. Jaguar XK150 tana da sauri da birki mai faifai da farashi mai sauƙi, sai dai waɗanda aka sayar a Ingila sitiyarinsu a dama yake. Ita kuwa 190 SL, wadda aka yi guda 25,881, kamanni ta ɗauko daga yayarta, injinta mai silinda huɗu ne da ƙarfin doki 105, kuma a kanta na sha wuyar da ta sa nake wannan rubutu.

Na saye ta ne ta hannun wani dillali a Turai bayan na ga hotuna kusan hamsin, jan fenti yana ƙyalli, kujerun fata sababbi, an kuma rubuta cewa an gyara ta daga tushe. Cinikin biri a sama na yi. Da ta iso, wani tsohon bakanike ya ɗauko ɗan maganaɗisu ya naɗe shi a ƙyalle, ya bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi da shi, sai ga shi yana faɗuwa a wuraren da ya kamata ya manne. Da aka kankare, tsatsa ce ta cinye ƙarfen, aka cusa abin cike rami mai kaurin yatsa aka shafe da fenti, kyan ɗan maciji ke nan. A 190 SL jiki da ƙasan mota a haɗe suke, don haka tsatsar ƙasa tana raunana motar gaba ɗaya, kuma kuɗin gyaranta yakan kusanci kuɗin sayenta. A kula, bonet da ƙofofi da murfin but na waɗannan Marsandi biyu na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama su ko da lafiyarsu ƙalau. Can sai na'urar auna kaurin fenti.

Tsatsa ma ƙaramar masifa ce idan aka kwatanta da lambar jabu. Injin da aka fito da motar da shi daga masana'anta yana ƙara mata kuɗi ƙwarai, saboda haka akwai masu goge lambar wani injin su buga wadda ta dace da takarda. A haska wurin da tocila daga gefe, a duba ko ƙarfen ya yi santsi fiye da na kewayensa, ko siffar lambobin ta bambanta da ta sauran motocin shekarar. Kada kuma a ɗauka cewa babban suna kariya ne. A 2023 'yan sanda a Jamus sun kai samame wani shahararren garejin gyaran tsofaffin Marsandi kusa da Stuttgart, bisa zargin cewa an sami 300 SL Roadster biyu masu lambar shasi ɗaya. Akwai kuma jikin roba da ake zubawa a siffar 300 SL a ɗora a kan ƙashin wata mota, wanda ba ya ruɗar masani amma yana ruɗar mai kallon hoto. Idan dillali ya ce akwai wani mai saye da ke jira don haka a tura kafin alƙalami yau, ko ya ƙi yarda a ɗaga motar a duba ƙasanta, ko ya kasa nuna hotunanta tsirara kafin a yi mata fenti, to a bar masa kayarsa. Gyaran gaskiya yana zuwa da tarin rasiɗai da hotunan kowane mataki na aikin.

Kamfanin Mercedes-Benz yana ajiye katin bayanan kowace mota, mai ɗauke da lambar shasi da ta injin da launin fenti da na kujeru na asali, kuma sashensa na tsofaffin motoci da ke garin Fellbach a Jamus yana iya binciken mota ya tabbatar da asalinta. Jaguar ma tana da asusun adana tarihi mai bayar da takardar shaida irin wannan. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na fifita 300 SL, domin tarihinta a rubuce yake, kayan gyaranta da dama kuma ana samunsu har yanzu. Idan Allah ya hore mini, Roadster ta 1961 zan nema, kuma ba zan biya ko sisi ba sai masanin da ni na ɗauka, ba na dillali ba, ya kwana biyu a ƙarƙashinta da katin bayanan a hannunsa.