Mai kifin bakin gada, ga masu jinyar ciwon ƙoda a gida

Jama'a bari in ba ku labarin mai kifin nan na bakin gada a hanyarmu ta Auyo, musamman ku masu mara lafiyan ƙoda a gida irina. Wata 8 kenan da likita ya ce ƙodar Babanmu ta yi rauni, bai kai ga wankin ƙoda ba alhamdulillah, amma an kafa masa doka, gishirin yini gaba ɗaya kar ya wuce giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi guda, kuma har da wanda ke ɓoye cikin Maggi da kanwa. To Baba mutumin bakin kogin Haɗeja ne, tun yarinta da kifi ya tashi, ranar da ya ɗauka an hana shi kwata-kwata ko tuwo bai taɓa ba. Ashe ɗanye ba laifi, ɗan yanka kamar tafin hannu, ba tuli ba.

Nan mai kifin ya burge ni. Na ce Malam na mara lafiya ne, kar gishiri ya taɓa shi, ya ce "Allah sarki, Allah ya ba Baba lafiya", ya ware min karfasa da tarwaɗa na kamun safiya kafin yaransa su barbaɗa komai, ya kankare ya zare ƙaya ya wanke tas. Tun daga ranar in ya hango ni sai ya ajiye namu gefe, kuma bai taɓa ƙara min ko sisi a kan aikin ba. A gida Inna ke dafawa da albasa da tafarnuwa da citta, ta ɗan matsa lemun tsami, wallahi ba ka ma jin rashin gishirin sosai.

Bandarsa kam ta yi suna, amma mu mun haƙura da ita. Kifi in ya bushe komai nasa ya tattaru waje guda, wani kuma an sa masa gishiri, ƙananan nan da ake dakawa da ƙayarsu a miyar kuka su ne suka fi illa, don sinadarin fosfaras a ƙashi yake taruwa, ƙodar da ta gaji ba ta iya fitar da shi, sai ya zauna a jini ya kawo ƙaiƙayi da raunin ƙashi. Sadin na gwangwani ma haka.

Inda na ji haushi sau ɗaya ne, na aiki ƙanena ya karɓo soyayye, yaron shagon ya zuba yaji, yajin nan kuwa akwai Maggi da gishiri a ciki, dole yara suka cinye Baba yana kallo, har yau abin na raina. Shi ya sa nake zuwa da kaina yanzu, ɗanye kawai, kuma kafin ƙarfe 9 don in rana ta ɗaga sai ka tarar duk an riga an jefa a mai.