Saƙo daga Leeds: Littafi Arha, Hannun Mutum Tsada

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kuna lafiya, da iyali da sauran malaman sashe. Kun ce gaisuwar WhatsApp ta layi biyu ba ta ishe ku ba, in zauna in rubuto yadda na tarar da sashen Turanci a nan Jami'ar Leeds. To ga shi, kuma a nuna wa duk wanda ke shirin tahowa.

A laburare ne mutum yake ganin inda kuɗin makarantarsa ya shiga. Akwai Brotherton, wanda aka buɗe a 1936, zaure ne zagayayye mai ƙubba, akwai Edward Boyle, sannan ga Laidlaw na 2015 inda 'yan digirin farko suka fi cika. Katin ɗalibi shi ne mabuɗin ƙofa, shi ne kuma na aro. Sai ka jibga littattafai a kan na'ura, ta karance su gaba ɗaya, ka zuba a jaka ka fita ba wanda ya tambaye ka. In babu littafin, ka cike fom a intanet su nemo maka, kuma babban rumbun British Library da ke Boston Spa ba shi da nisa da garin. Maƙalar da a gida sai mun roƙi wani ɗan'uwa da ke waje ya sauko mana da ita daga JSTOR, rumbun maƙaloli na intanet, ko mu yi ta fama da fotokofin fotokofi wanda gefen shafinsa ya yanke, a nan kafin shayi ya huce ta buɗe a kwamfuta. Wuta kuwa ba a ma zancenta.

Wurin yana da tsohuwar alaƙa da mu. A nan Wole Soyinka ya yi karatu daga 1954 zuwa 1957, marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o ma ya zo bayansa. A 1964 aka yi babban taron adabin ƙasashen Kwamanwel a Leeds, a shekarar da ta biyo kuma aka fara mujallar wannan fanni. Amma wanda ya fi kama ni shi ne Tony Harrison, mawaƙi ɗan garin nan, da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962 zuwa 1966. A Zariya ne shi da abokin aikinsa James Simmons suka ɗauko wani wasan barkwanci na Girkawan dā suka sa masa rigar Arewa, suka kira shi Aikin Mata. Takardunsa suna ajiye a sashen rubuce-rubuce na musamman a Brotherton. Ana kawo su a akwati, biro ba ya shiga ɗakin, sai fensir. Malam, ɗalibinmu da ke neman maudu'in digiri na uku zai samu abin yi a nan.

Abin da babu a sashen kuma shi ne masinja. Babu mai share wa farfesa teburi, babu mai ɗaukar masa jaka. Na ga farfesan da muke ambaton littattafansa a aji ya iso a keke da hular kwano, ya tsaya a layin injin buga takarda bayan wata 'yar aji ɗaya, ya wanke kofinsa a kicin ɗin sashe. Ɗalibai da sunansa na yanka suke kiransa, ni dai har yau bakina ya ƙi. Kada a ɗauka duk tawali'u ne, akwai lissafi a ciki. A Afrilun 2025 an kai mafi ƙarancin ladan ma'aikaci mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 a awa, don haka duk abin da sai hannun mutum ya taɓa, tsada gare shi. Aski ɗaya a nan ya biya askin shekara a Kano har da canji. Zif ɗin wando in ya lalace, sayen sabon wandon ya kan fi kai wa tela sauƙi. Mai duba maka kurakuran rubutu a kundi kuwa da adadin kalmomi yake caji.

Koyarwa kashi biyu ce. Akwai lacca a babban zaure, wadda galibi ake naɗa a sa a intanet, sannan a raba ɗalibai ƙananan rukuni su zauna da malami a tattauna littafin makon. Wanda bai karanta ba babu bayan wanda zai ɓuya. Babu sayar da handawut, komai yana shafin darasi kyauta. Wurin maki ne na fi yaba musu: takarda ba ta ɗauke da suna sai lamba, malami na biyu yana duba aikin na farko, wani daga wata jami'a yana duba su duka, kuma ɗalibi yana samun sharhi a rubuce cikin 'yan makonni. Mu masu digiri na uku muna ganin masu duba mu kusan duk wata, a rubuta abin da aka tattauna, kowa ya tabbatar. Babu zaman jiran Oga a baranda daga safe har la'asar. Sai dai in an ba ka awa ɗaya, awa ɗaya ce. Hirar da mukan yi da ku bayan lacca, wadda takan faro daga Achebe ta ƙare a farashin taki, ba a sayar da irinta a nan ko da kuɗi.

Kada kuma a zaci malamansu a inuwa suke. A shekarar karatu ta 2025/26 kuɗin makarantar ɗan ƙasa fam 9,535 ne, baƙo irina yakan biya ninki biyu ko fiye, saboda haka jami'o'in Ingila kallon mai saye suke wa ɗalibi, kuma fannin da masu saye suka ragu, wuƙa ake wasa masa. A 2022 Jami'ar Sheffield Hallam, nan kusa da mu, ta sanar da dakatar da digirin adabin Turanci. Matasan malamai da yawa a faɗin ƙasar kwantiragin wata tara ko shekara ɗaya suke yi, ga matsin buga maƙala saboda tantancewar bincike da gwamnati ke raba kuɗi da ita. Suna yajin aiki su ma. A 2023 ƙungiyarsu ta UCU ta ƙi duba jarrabawa na tsawon watanni, har wasu ɗalibai suka yi bikin kammalawa ba sakamako. Bambancinsa da wata takwas ɗin ASUU na 2022 shi ne ba a rufe makaranta, laburare a buɗe, ɗalibi yana ci gaba da karatunsa.

Na waje da makaranta a taƙaice. Kafin biza ɗalibi yana biyan fam 776 na kowace shekara don asibiti, daga nan ganin likita kyauta ne, amma samun layin ganin nasa sai an yi sammakon buga waya. Hayan ɗaki da kuɗin ɗumama shi su ke cinye alawus, kuma awa 20 kawai aka yarda ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin karatu. A kasuwar Kirkgate ana samun doya da manja da attarugu, naman halal kuma a Harehills da Hyde Park, inda babban masallacin yake. A Disamba magariba tana yi kafin ƙarfe huɗu, sai ka ga azahar da la'asar da magariba duk sun faɗo cikin lokacin aji.

Wanda zai taho ya ɗinko kayansa tun daga gida, ya riƙo kuka da daddawa da yaji, amma ban da kilishi, doka ta hana shigo da nama. Daga Janairun 2024 masu digiri na biyu na aji ba sa zuwa da iyali, sai masu bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Kuma ku gaya wa ɗalibanmu su nemi shafin White Rose eTheses, inda Leeds da Sheffield da York ke zuba kundayen digiri na uku. Da yawansu kyauta ake saukewa, daga ko'ina.

A gaida Hajiya da yara. Na gode, Malam.