Shagon gyaran injin yankan ciyawa a Dilimi: gwani a na fetur, da saura a na batir

Da zarar damina ta kankama a Jos, ciyawa kan mamaye harabar gidaje da makarantu, sai kowa ya jawo injin yankan ciyawar da ya jingine tun watan Oktoba, sau da yawa kuma injin ya ƙi tashi. Akwai wani ƙaramin shago a Dilimi, a tsakiyar masu sayar da kayan gyaran mota, wanda nake kai wa injinan makarantar da nake kula da harabarta, kuma aikinsa ya cancanci a yi masa bayani dalla-dalla.

Abin da ya bambanta mai shagon da sauran makanikai shi ne ba ya gaggawar canza kaya. Kafin ya kwance ko noti ɗaya, sai ya buɗe tanki ya shinshina man, domin fetur ɗin da ya yi watanni a ajiye yakan yi danƙo ya toshe ƙananan hanyoyin kafireta. Daga nan ya duba fulogi, da matatar iska, da robar da ake dannawa don jawo mai. A kan wani inji da ke tashi ya mutu nan take, ya buɗe kafireta ya zaro wata siririyar roba da ke tura mai, ya miƙo mini ya ce, "Malam, taɓa ka ji." Ta bushe ƙamas kamar ganyen rani. Ita kaɗai ya canza, alhali a wani wurin da an sa ni sayen sabuwar kafireta sukutum.

Yana da tsauri a kan haɗin mai, kuma yana da gaskiya. Injinan Stihl da Husqvarna suna son haɗin 50:1, wato mililita 20 na man haɗi a kowace lita ta fetur, yayin da da yawa daga cikin injinan ƙasar Sin ke buƙatar 25:1. Idan man haɗin ya yi yawa, baƙin hayaƙi zai toshe salansa har inji ya rasa ƙarfi. Idan kuma babu shi, fistin zai karce, gyaran ya kusa kai kuɗin sabon inji. Ba ya yarda a zuba baƙin man mota, duk da cewa masu aikin lambu da dama sun saba da hakan. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake la'akari da tudun Jos, wanda ya kai kimanin mita 1,200. Iskar nan ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka injin da aka saita a can yakan sha mai fiye da kima, fulogi ya yi baƙi. Da kunne yake saita kusoshin H da L na kafireta, masu daidaita yawan man da inji ke sha, a hankali, kuma ba ya matse man har inji ya riƙa ɗaukar zafi.

A ɓangaren masu batir kuwa akwai sauran aiki. Yakan auna batir da caja da mita, ya goge bakin ƙarfen da ya yi tsatsa, ya cire ciyawar da ta nannaɗe kan injin, ya gyara makunni. Amma idan matsalar tana cikin allon lantarkin batirin, kai tsaye zai ce ba fanninsa ba ne. Na yaba da faɗin gaskiyar, sai dai ban ji daɗin ganin batiran mutane zube a kan benci cikin rana ba, domin zafi na rage wa batirin litiyam kwana.

Ba ya bayar da rasit, kuma a watannin Yuni da Yuli alƙawarinsa na "gobe" yakan zarce mako. Yaran shagon ma sukan naɗe igiyar robar da inji ke yanka ciyawa da ita a baibai, don haka a gwada ta kafin a bar wurin. Igiyar milimita 2.4 da yake sayarwa tana da ƙarko, musamman idan an jiƙa ta a ruwa ta kwana. Mai injin fetur ya fi dacewa ya kai shi tun watan Maris, ya kuma tafi da galan ɗin da yake haɗa mai a ciki, domin shi ne abin da za a fara tambayarsa.