Elmina ko Lamu: tsarin yawon buɗe ido na wani ofishin tafiye-tafiye a Bauchi

Wani ofishin shirya tafiye-tafiye a cikin garin Bauchi yana sayar da tafiya zuwa garuruwa biyu na bakin teku, Elmina a Ghana da Lamu a Kenya. Zaɓin garuruwan ya yi. Inda suka yi sake shi ne takardar jadawalin da suke ba matafiyi: an jera lokuta, ba a faɗi agogon wace ƙasa ba ne.

Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Kenya tana gabanmu da awa biyu, kuma duk shekara haka yake. Lokacin da ke jikin tikitin jirgi na garin da filin yake ne. Shi ya sa za ka ga Legas zuwa Accra an rubuta tashi ƙarfe 10, sauka ƙarfe 10 da 'yan mintoci, alhali kusan awa guda aka yi a sama. Zuwa Nairobi kuwa, inda ake sauya jirgi zuwa Lamu, tafiyar kamar awa biyar sai ta fito bakwai a takarda. Wanda wayarsa ba ta sauya lokaci da kanta ba, ya dogara da ita, jirgin Lamu zai tafi ya bar shi. A duba kuma daga wane fili jirgin zai tashi, don wasu ƙananan jiragen daga filin jirgin Wilson na Nairobi suke tashi, ba babban filin da aka sauka ba.

Akwai wani tarkon da ofishin bai ambata ba sam. Da Swahili, daga ƙarfe 6 na safe ake fara ƙirga awa. Idan mai kwale-kwale ya ce "saa tatu asubuhi", ƙarfe 9 yake nufi, ba 3 ba. Ƙara shida kawai, ko ka sa ya nuna maka a fuskar agogo.

Lamu tsibiri ne. Jirgi a tsibirin Manda da ke kusa yake sauka, sai a tsallaka da kwale-kwale. Lungunan garin matsattsu ne, jakuna ke ɗaukar kaya, motoci kusan babu. Garin Musulmi ne, ga masallacin Riyadha inda ake babban Maulidi, abinci ba sai ka yi ta tambaya ba. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi a 2001. Mai son rairayin bakin teku ya nufi ƙauyen Shela.

Elmina ta fi sauƙi ga aljihu, ba biza, sai dai kada a manta katin rigakafin shawara. Abin gani shi ne katafaren sansanin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, da ɗakunan ƙasa masu duhu inda aka tsare bayi. Jadawalin ya ba wurin awa ɗaya, kuma ba za ta isa ba in za a hau tudun St. Jago. Mai son ganin hada-hadar masunta a bakin tafkin Benya kada ya zaɓi Talata, ranar ba sa fita kamun kifi.

Kafin ka biya kuɗi, sa su rubuta sunan gari a gefen kowane lokaci. Masu kiran gida daga Lamu kuma su tuna, ana kiran magariba a can, a Bauchi ba a daɗe da idar da la'asar ba.