Famfon ya yi, amma elbon da aka haɗo min da shi ya ƙona min rai

Duk mai harkar keken tsere a Bauchi ya san mutanen nan da ke tallar kaya a WhatsApp su sa maka a mota daga Legas, ya kuma san inda farashin komai ya kai yanzu, don haka ba zan tsaya lissafin kuɗi ba. Abin da na saya famfo ne na tsaye mai geji, an haɗo shi da ƙaramin adafta mai lanƙwasa, wanda mu a nan muke ce wa elbo. Saboda elbon na sayi kayan gaba ɗaya. Famfo ina da shi a gida tun da daɗewa, kansa ne kawai ba ya shiga inda nake so ya shiga.

Wilin baya ne na faifai na samu na hannu wajen wani ɗan tsere a Jos. Ga wanda bai taɓa riƙe irinsa ba, wili ne da babu waya ko ɗaya a jikinsa, rufaffe ne ruf da kabon, wani abu mai ƙarfi marar nauyi, daga tsakiya har baki, don iska ta zame ta wuce maimakon ta riƙa karo da wayoyi. Tun 1984 da Francesco Moser na Italiya ya yi kilomita 51.151 cikin awa ɗaya a birnin Meziko da irin wannan wili, masu tseren lokaci suka rungume shi. Na daɗe ina burinsa, kuma ranar da na fara jin gurnaninsa a bayana a kan titin Dass, wallahi na ji kuɗina sun tafi inda ya dace. Matsalarsa ɗaya ce, wato bawul. Yana ɓoye ne cikin wata 'yar taga da aka huda a gefe guda, da kyar yatsu biyu ke shiga, kuma saman bawul ɗin ya kusa taɓa rufin tagar. Kan famfo na yau da kullum yana son fili ta sama kafin ya zauna, a nan kuwa filin babu shi. Dole sai da abin da zai shigo ta gefe ya lanƙwasa ya hau kan bawul. Wannan shi ne aikin elbo, ɗan ƙarfe ne mai siffar lofen taba, baki ɗaya da roba a ciki yana kama bawul, ɗaya bakin kuma kan famfo ke kama shi.

Shi dai famfon ba ni da ta cewa. Jikinsa ƙarfe ne, gindinsa yana da faɗi, ba ya rawa idan ka taka. A wilin gaba, inda bawul yake a fili, yana kai taya mai faɗin milimita 25 zuwa ba 7 (ba, wato bar, ma'aunin ƙarfin iska ne a geji) ba tare da ka yi gumi ba, wato kusan PSI 100 ke nan ga masu lissafi da shi. Kansa yana karɓar siririn bawul na Presta, yana kuma karɓar mai kauri na Schrader irin na mota da babur. Da shi kaɗai aka sayar min, da yabo kawai zan rubuta.

Abin ya faru ne wata Asabar cikin hunturu. Kocinmu ya shirya mana gwajin lokaci a kan titin Ningi, kowa shi kaɗai, ana sakin mutum bayan kowane minti, kuma da sakamakon ne za a duba waɗanda za a riƙa tafiya da su atisaye Jos. Muna idar da sallar Asuba muka fita, ƙanina ya raka ni a babur yana riƙe da famfon. A gida na gwada elbon a tsaitsaye, ya karɓi iska, amma ban kai shi sama sosai ba don tayar tana da sauran iskar da ta zo da ita. A bakin titi na kwance ɗan goron kan bawul, wato ɗan notin da ke kulle shi, na danna shi ya yi tsit don ya saki, na tura elbon, na ɗaura kan famfo na ɗaga maƙullin. Har zuwa ba 3 lafiya lau. Allurar geji na taɓa 4 sai na ji fas, elbon ya yi tsalle ya fita ya bugi gefen tagar. Na mayar. Ya sake fita a daidai wurin. Nauyin kan famfon da tiyo ne ke jan sa ƙasa, iskar ciki kuma tana tura shi sama, robar da ya kamata ta riƙe ba ta riƙe komai ba.

Na ce wa ƙanina ya tsuguna ya danne shi da babban yatsa ni kuma in buga. Kowa ya san wannan elbo ko mai kyau ne yakan so a ɗan tallafe shi, ban ɗauki wannan abin ƙorafi ba. Amma wannan ba tallafi yake so ba, kokawa yake so. Idan yaron ya danna da ƙarfi, elbon ya nutse ya taɓa allurar bawul, iskar taya ta riƙa dawowa tana fita ta gefen robar. Idan ya sassauta, ya fice. A tsakanin nan akwai wani wuri da bawul ɗin bai buɗe ba sam, geji ya haura ba 8 da bugu biyu, ka taɓa taya ka ji ta laɓo-laɓo, ashe tiyo kawai kake cikawa. Hannun yaron ya daskare da sanyi, ga ƙura tana shiga ido, ga mutane an fara kiran lambobinsu. A bugun da na ce shi ne na ƙarshe, allurar geji ta kusa 6, elbon ya kufce ta gefe. Yatsansa ya goge bakin kabon ya yanke, jini ya fito, allurar bawul kuma ta lanƙwashe. Na yi ƙoƙarin ɗaure goron ya ƙi zama daidai, muna tsaye muna jin iskar tana tafiya har taya ta kwanta.

Abokai sun yi min kara, Allah ya saka musu. Nan da nan aka miƙo min tub, sai dai duk wanda aka ciro mai dogon bawul ne, milimita 60 ko fiye, saboda yawancinsu rim mai zurfi suke hawa. A wilin faifai irin nawa dogon bawul ba shi da amfani, yana cinye ɗan filin da ya rage a tagar, ko elbon kirki ba zai samu wurin hawa ba. Gajere ake nema, kamar milimita 40 ko ƙasa. Ƙanina ya ɗauki wilin a babur ya ruga wajen wani mai faci da ya buɗe da wuri, da ɗan adaftan tagulla da ake murɗawa a kan Presta ya koma irin na mota. Ya dawo da shi yadda ya tafi. Tagullar ta ƙara wa bawul tsawo, bakin tiyon injin mai facin kuma ya fi tagar girma. Ta wani fannin ma gara da bai shiga ba, don injin da aka saba cika tayar mota da shi zai iya fasa siririyar tayar keke kafin mutum ya ɗaga hannu.

Koci ya ce, “Ka sa na atisaye ka tafi, ba zan tsayar da agogo saboda wili ba.” Gaskiyarsa. Na ari wilin wani mai wayoyi, giya ba ta zauna daidai da nawa ba, sarƙa na ta ƙara tun daga tashi har dawowa. Na yi tafiyar raina a ɓace, wilin da na tara kuɗi wata da watanni don wannan safiya yana jingine a jikin babur.

Da na koma gida na kwance murfin elbon na ciro robar. A nan na ga tushen tsiyar. Siririya ce, ta bushe ta yi tauri, ramin tsakiyarta kuma ya fi jikin bawul faɗi. Jikin Presta kusan milimita 6 ne, robar kirki sai ka tura da ɗan ƙarfi kafin ta shiga, ita ce ke shaƙe shi ta hana iska fita. Wannan kuwa da na zura ta a tsohon tub sai ta zame da kanta har ƙasa. Na ɗauki hoto da bidiyo na tura wa mai kayan. Amsarsa ita ce, “Oga, ba ka iya sa shi ba ne, kowa haka yake amfani da shi.” Na ce to ya turo min bidiyon wanda ya kai ba 7 da shi a kan wilin faifai. Ya ce zai tambayi yaronsa. Na ce ko robar kaɗai ya aiko a mota, ni zan biya kuɗin direba. Ya ce ba a sayar da ita daban. Wannan maganar ta fi komai ɓata min rai, domin masu ƙera na gaske, irin su kamfanin famfo na Silca, suna sayar da robar ita kaɗai, sun san abu ne mai cinyewa. Kafin in biya na tambaye shi ƙarara ko an gwada a kan wilin faifai, ya ce an gwada. Rubutun yana nan a wayata.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne mai gyaran keke a wajen Wunti, wanda tun zamanin Raleigh da Phoenix yake wannan sana'a. Bai taɓa gyara wilin kabon ba, ya ce min haka da bakinsa, amma ya juya elbon a hannu, ya hura shi, ya leƙa tagar, ya ce, “Ɗana, ƙarfen nan ba shi da laifi, takalminsa ne ya yi masa yawa.” Ya aiki yaronsa wajen mai gyaran babur na kusa aka kawo guntun tiyon mai, irin wanda ke sauko da fetur daga tanki. Ya yanka ɗan zobe da reza, ya goge gefensa a kan dutse har ya shiga gidan robar, ya ɗaure murfin. Da ya tura shi a kan bawul sai da ya tofa ɗan yawu kafin ya shiga. Sannan ya ce, “Wannan ƙaton kan shi ke jan sa. In ka yarda in cire.” Na ce, “Baba, yadda ka gani.” Ya cire kan famfon, ya cusa gindin elbon kai tsaye cikin tiyo, ya ɗaure da kilif. Muka sa sabon tub mai gajeren bawul, ya riƙe da yatsa ɗaya kawai, na buga har 7, ko tsit ba mu ji ba. Da ya zare, ɗan fus ɗin da ya fito na cikin tiyo ne, taya na nan tauri. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin abincin rana ba, sai da na matsa masa kafin ya ƙara.

Ranar na fita da murna, har na ce a raina to ai kayan ba su da laifi sosai, roba ce kawai. Na yi kwanaki ina hawa wilin a titin Jos, har wajen Zaranda, babu matsala. Idan iskar hunturu ta bugo ta gefe kana jin ta a bayanka, amma wilin baya ba ya kwace maka hannu yadda na gaba zai yi.

Sai dai da na zauna na sake dubawa, murnar ta ragu. Famfon da na saya don ya yi min komai yanzu ya zama na Presta kaɗai, tunda an cire masa kai. Keken yara da babur ɗin gida sun koma kan tsohon famfo. A wilin gaba ma da elbon nake bugawa, wanda ba shi da maƙulli, dole in sunkuya in riƙe ko in nemi mai riƙewa. Gejin kuma da na yaba, yana can ƙasa kusa da ƙafa, lambobinsa ƙanana, da duhun asuba sai da tocilan waya. Tiyon gajere ne, in keke na kan sitan sai ka jawo famfon har gindin wili. Waɗannan duk zan iya haƙuri da su. Abin da ba ya barina shi ne gefen tagar, inda elbon ya riƙa bugu. Fentin ya ɓare, akwai 'yar kartar da farce ke kamawa. Wani abokinmu da ya san kabon ya ƙwanƙwasa wurin da tsaba ya ce a saman ne kawai, bai shiga ciki ba, na shafa ɗan gam na rufe da sitika. Duk da haka kullum zan buga iska sai idona ya kai wurin, kuma duk ranar da zan sayar da wilin, mai saye zai fara da nan. Ƙanina ma har yanzu in na ce ya zo ya riƙe min, sai ya naɗe yatsansa da tsumma tukuna.

Na ba da saƙo a kawo min kai irin mai maƙulli a gefe, wanda aka ƙera siriri don ya shiga tagar ya kama da kansa, in mayar wa famfon kansa na asali. Wato zan sake kashe kuɗi a kan abin da na riga na biya. Gajerun tub ma sai an yi odarsu, a shagunan da na zaga cikin gari ban samu ba. Shi kuwa mai kayan, saƙona na ƙarshe ya karanta bai amsa ba, kuma shekaranjiya na ga ya sake ɗora famfon da elbon a sitatus, da rubutun nan dai a ƙasa cewa an gwada a kan wilin faifai. Na ɗauki hoton na tura wa 'yan ƙungiyarmu tare da bidiyon robar, mutum biyu da suka yi niyyar saye sun fasa.