Hattara da masu cewa "an halatta cacar karta a Amurka"

Salamu alaikum. 'Yan'uwa mazauna New York, musamman na Bronx da Harlem, a kula da wasu mutane da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram suna tallar wata manhaja ta cacar karta da ake kira poker. Bakinsu ɗaya: "Ai yanzu gwamnati ta halatta, ba abin tsoro." Ƙanin maƙwabcina, direban tasi ne, ya zuba musu dala 1,800 cikin wata biyu. Da ya zo cire abin da ya ci, suka ce sai ya fara biyan haraji. Ya biya. Washegari wakilin nasu ya toshe lambarsa.

Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, ba sai na maimaita ba. Ƙaryarsu nake so in tona.

Gwamnatin tarayya ba ta halatta poker ta intanet a duk ƙasa ba. Kowace jiha da dokarta. Nevada ce ta fara a watan Afrilun 2013, Delaware da New Jersey suka biyo baya a ƙarshen shekarar, Pennsylvania ta buɗe a 2019, Michigan a 2021. New York ba ta cikinsu. Ko a New Jersey ɗin ma, sai ka cika shekara 21, kuma sai wayarka ta nuna kana cikin iyakar jihar. Kana tsallake gadar George Washington ka shigo Manhattan, an rufe maka teburi. To manhajar da ta bar ka ka buga kana kwance a ɗakinka a Bronx, wa ya ba ta lasisi? Kamfani mai lasisi kuma yana tantance sunanka, kuɗinka na shiga asusu mai sunanka. Ba zai ce ka tura wa wani "wakili" ta Zelle ko Cash App ko kirifto ba.

Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan za su tuna 15 ga Afrilun 2011, ranar da ma'aikatar shari'a ta ƙwace shafukan PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker. Da aka bincika Full Tilt, 'yan wasa na bin sa kimanin dala miliyan 390, abin da ke banki bai wuce kusan miliyan 60 ba. Mai gabatar da ƙara Preet Bharara ya kira shi damfarar Ponzi, wato irin wadda ake biyan na farko da kuɗin na baya. Sai a 2014 Amurkawa suka fara ganin kuɗinsu. Wannan fa kamfani ne da a lokacin yake talla a talabijin, da fitattun 'yan wasa a gabansa, balle manhajar da ko adireshi ba ta da shi. A Absolute Poker kuwa, a 2007 aka gano wani na ciki yana kallon kartar da ke hannun abokan wasansa yana cinye su.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa yau, ya ɗauki hoton duk hirar da rasit, ya kai ƙara a shafin IC3 na hukumar FBI. Kuma idan wani ya kira yana cewa zai ƙwato maka kuɗin in ka ba shi wani abu, kashe wayar. Ƙanin maƙwabcin nawa an riga an kira shi sau biyu.